Muna Lafiya

A Kasuwar Barci na tsince ta,
ƙarƙashin tulin littattafan gwanjo,
tsakanin mai takalma da mai labule.
Bango ya yage, gara ta ci gefe,
amma fuskar tana nan:
farar hula, leɓe a tsuke,
da idon wadda ta saba duban ƙofa.
Matar wani shugaban Amurka ce, tun farkon ƙasar,
in ji mai kaya. Kawo ɗari biyar.

Ban yi ciniki ba. Inna na gani.

Littafin ya ce miji na birni ana ɗinka ƙasa,
ita tana gida tana ƙirga buhu,
tana jinyar yara, tana biyan bashi,
dare ya yi ta tsoma gashin tsuntsu a tawada.

Namu bai mulki ƙasa ba.
Mamuda Jatau, ƙungiyar masaƙa ya riƙe a Kakuri,
amma in ya miƙe zai yi magana
jiniya ma sai ta haɗiye kukanta.
Yau Legas, jibi Inugu,
jirgin ƙasa ya fi mu sanin ƙanshin rigarsa.

Inna Saude ita ce gwamnati.
Keken ɗinki ɗaya, kaji bakwai,
da 'yar gonar masara a bakin kogi
wadda ambaliya ke cire wa zakka kowace damina.
Ba ta yi boko ba, ni ce alƙalaminta.
Shekarata tara, fitilar ƙwai a gabana,
da fallen da muka ɓalle daga littafin lissafi.
Rubuta: kwano na yoyo ta gabas.
Rubuta: mai gidan haya ya zo sau biyu.
Rubuta: kada ka yarda su saye ka da shayi.

Sai makon da ƙyanda ta shigo layinmu.
Ranar Laraba ta ɗauki Tanimu,
bai ko gama koyon sunana ba.
Maƙwabta suka kai shi, suka dawo da tabarma.

Da dare ta kunna fitila, ta ce ɗauko biro.
Rubuta: muna lafiya.
Na ce, Inna!
Ta ce tuwon gida dubu uku na rataye a harshensa,
in ya ji zai taso, in ya taso sun ci banza.
Wanda ya tafi ba ya jiran jirgi.
Rubuta.
Na rubuta, wani abu ya ɗiga a kan lafiyar,
ta dangwale shi da bakin zane.

Kwana goma sha tara ya iso,
a kafaɗun mutane tun daga tasha,
an samu ƙarin albashi.
Ya buɗe jaka a tsakar gida:
atamfa, burodi,
da jan takalmin roba, tsawon tafin hannuna.
Inna ta karɓa hannu biyu.
Ta ce sannu da hanya, ruwa na banɗaki,
in ka ci abinci akwai magana.

Yanzu masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta kai taga.
Hotonsa na nan a zauren ƙungiya, ƙuda na sauka.
Ita ko na katin zaɓe ya ɓace mana.

Bayan rasuwarsa muka fasa adaka.
Wasiƙu arba'in da ɗaya, ɗaure da zaren masaƙa,
duk lafiya lau, kamar jiya aka ninke.
Guda ɗaya ce ta mutu a gaɓoɓi,
an buɗe, an ninke, an buɗe,
har yatsa ya cinye wurin ɗigon.

Ita na ɗauko jiya.
Na buɗe littafin daidai fuskar baƙuwar,
na kwantar da ita a kai, na rufe.
Ku gaisa, na ce.
Ba kwa buƙatar tafinta.